Sabuwar kyamara ta fito, amma da wa take gasa a Damagaram?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in ce wani abu game da ɗan labarin da kuka buga kan sabuwar kyamarar da kamfanin Nikon na Japan ya sanar ranar 30 ga Agustan 2018, wadda ya raɗa wa suna D3500. Ni mai ɗaukar hoto ne a Damagaram. Shekara 23 ke nan da wannan sana'a nake ci da iyalina, tun lokacin da muke ba direban mota fim ya kai mana Kano a wanke, mu zauna kwana uku muna jira ba mu san abin da ya fito ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan ƙanwata, wanda yake koyon aiki a hannuna shekara biyu yanzu. Ya shigo shago da jaridarku a naɗe, ya shimfiɗa ta kan teburin da muke yanka hoto, ya ɗora yatsa a kan labarin. Ya ce, "Kawu, ka gani? Megafiksel 24, kuma an ce ita ce mai araha ta ƴan koyo. Kuɗin ragunan da na sayar da Layya suna nan ban taɓa ba. In ka cika mini sai in aika a kawo mini ita kafin Disamba." Yaron nan ya yi wata takwas yana yanko wa ragunan nan ciyawa, yana sayen dusa da kuɗin da nake ba shi. Na san akwai irinsa da yawa da suka karanta labarin, a Zango da Birni da Garin Malam, har Magarya da Matamai. Saboda su nake rubutu.

Babu ƙarya cikin abin da kuka buga. Kyamarar tana da megafiksel 24.2, tana ɗaukar hoto 5 a daƙiƙa ɗaya, wuraren da take saita ido 11 ne, kuma jikinta ba ya wuce giram 365 in ba a sa batir ba. Irin wadda mu a nan muke kira refleks ce, mai madubi a ciki: haske ya shigo ta gilashin gaba, madubi ya tura shi sama zuwa idonka, kana danna maɓalli madubin ya ɗaga, hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton a madadin fim. Wannan ƙarar "ƙwas" da mutane suke ji a wurin biki har su gyara tsayuwa, motsin madubin nan ne da labulen da ke bayansa. Duk wannan daidai ne. Inda na tsaya shi ne inda labarin ya ce kyamarar za ta yi gasa mai ƙarfi a kasuwa saboda arharta. Wace kasuwa? Arha a wurin wa?

An sa mata kuɗi dalar Amurka 499.95 tare da gilashinta na 18-55. Dalar Amurka nake faɗi, ba dalarmu ta nan ba. In aka juya zuwa sefa a canjin 2018, ya kama wajen jikka 280, wato sefa 280,000, tun kafin kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwan da zai kawo ta. Mafi ƙarancin albashi a Nijar a 2018 sefa 30,047 ne a wata. Ke nan lebura sai ya tara albashinsa na sama da wata 9, bai ci ba bai sha ba, sannan ya kai ga kuɗinta na can inda aka ƙera ta. Mu kuma da muke sayar da hoto ɗaya dala ɗari, wato sefa 500, a wurin biki ko suna, sai mun sayar da 560 kafin mu haɗa jikka 280, kuma ban cire kuɗin wanki da takarda da man babur ba. Ga kuma hotunan da ake wankewa masu su su ƙi karɓa, wanda duk mai wannan sana'a yana da kwali guda cike da su a ƙarƙashin tebur. Abin da Bature yake kira kyamarar ɗan koyo, wadda zai saya wa ɗansa kyauta, a wurinmu ita ce jarin shago gaba ɗaya. Da ita ake ɗaukar ɗaurin aure, da ita ake hoton katin ɗan ƙasa da na jarrabawa, da ita ake biyan hayar shago. Don haka ma'aunin da za mu auna ta da shi dole ya bambanta.

Bari in fara da abin da ya burge ni, don ba na son a ce na zo kushe ne kawai. Batir. Kamfanin ya ce caji ɗaya yana ɗaukar hoto 1,550. Ƴar'uwarta D3400 ta 2016 tana ɗaukar 1,200, D3300 ta 2014 kuwa 700. Wanda yake zaune inda kuran ba ya yankewa ba zai san darajar wannan ba. Ni na sani. Na taɓa zuwa biki wani ƙauye a hanyar Mirya, na kwana biyu, babu wuta ko ta kwan fitila. Ranar kai amarya da la'asar batirina na biyu ya fara ƙyafta ja. Sai na koma ina kashe kyamara bayan kowane hoto, na daina duba allo, ina ƙirga dannawa kamar mai ƙirga ƙwayar hatsi a shekarar fari. Uwar amarya ta kira ni in ɗauke ta da ƴarta a bakin ɗaki kafin a fita da ita, na ɗaga kyamara, ta mutu a hannuna. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Ba komai, Malam, haka Allah ya so," ta juya. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji nauyi a ƙirjina. Saboda haka kyamarar da za ta kwana biyu a ƙauye da caji ɗaya, na ba ta wannan makin ba tare da gardama ba. Sai dai a san cewa a gwajin da ake fitar da wannan adadi, filashi yana tashi ne a rabin hotunan kawai, kuma tun daga D3400 aka rage ƙarfin ƙaramin filashin da ke kan kyamarar. Mu da rabin aikinmu na dare ne a tsakar gida mai duhu, dole sai da babban filashi na waje mai nasa batiran.

To, sai maganar ƙura, wadda ita ce ta fi ci mini rai, kuma labarinku bai taɓo ta ba ko da kalma ɗaya.

Duk kyamarar da ake cire mata gilashi a sa wani, tana da ƙofar da ƙura ke shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a nan kullum bangon a tsage yake. Ƙurar tana bi ta bayan madubi ta zauna kan gilashin da ya rufe sensa. Ba za ka gan ta a ido ba. Sai ka ɗauki hoto da rana tsaka, ka matse ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, sannan za ta fito ɗigo-ɗigo baƙi a sararin sama, ko a farin bango, ko a kan farar shaddar ango. Kuma a wuri ɗaya take fitowa cikin kowane hoto, daga na farko har na ɗari uku. Na taɓa ɗaukar hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dawaki suna tada ƙura har rana ta yi ja, na canja gilashi sau biyu a tsaye cikin taro don in kamo mahayan daga nesa. Da na dawo na buɗe hotunan a kwamfuta, kowannensu yana da ɗigo bakwai a sama ta hagu. Kwana biyu na yi ina goge su ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanoni sun san wannan matsala, shi ya sa shekaru da suka wuce suka ƙirƙiro dabarar da sensa ke girgiza kanta in an kunna kyamara ko an kashe, ƙurar ta zube. D3300 tana da wannan dabara. A D3400 aka cire ta, kuma a wannan sabuwar D3500 ba a mayar da ita ba. Wato kyamarar 2014 ta fi ta 2018 shirin zama a garinmu. Ina iya fahimtar lissafinsu: ɗan koyo a Turai ko Japan ba ya cire gilashin da ya zo da kyamarar, kuma iskar garinsu ba ta ɗauke da rairayi. Amma mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauka da hazonsa, ko shayi ka ajiye minti biyar sai ka ga ƙura ta kwanta a kansa. In ina son share sensa a shagona, sai na jira dare, na yayyafa ruwa a daɓe, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na kashe fanka, na zauna rabin awa ƙura ta kwanta. Sannan in kifa kyamarar bakinta ƙasa, in ɗaga madubi, in hura da ɗan famfon roba, zufa tana ɗiga daga haɓata, ina addu'ar kada hannuna ya karkata ya taɓa sensar. Wanda ya ƙarce ta ya gama da kyamarar, domin gyaran ya kusa kuɗin wata. Kuma a nan kusa ba mu da wurin gyara na kamfani. Abin da ya fi ƙarfin masu gyaran waya na kasuwa, sai a ɗaure shi a ba mai zuwa Kano, tafiyar da ta haura kilomita 200, a tsallaka iyaka, a jira.

Haka kuma a D3500 babu ramin da ake sa makirufo na waje, wanda shi ma D3300 tana da shi. Yanzu babu bikin da ba a neman bidiyo. Kyamarar tana ɗaukar bidiyo mai kyau, amma in makirufon cikinta kaɗai za ka dogara da shi a wurin da ake kiɗan kalangu da janareto yana ruri a bayanka, muryar mai wa'azin ɗaurin aure ba za ta fito ba. Sannan tsofaffin gilasan Nikon na zamanin fim, waɗanda ake samu da sauƙi a gwanjo, suna shiga bakinta, tunda kamfanin bai canja wannan baki ba tun 1959, amma ba za su saita kansu ba, domin jikin ƙananan kyamarorin nan ba shi da injin da ke juya su. Sai da hannu. Yaro ya sani kafin ya sayi gilashi don ya ga arha.

Abokan gasarta na kai tsaye su ne biyun da Canon ya fitar a Fabrairun 2018, EOS 2000D da EOS 4000D. Ta farkon megafiksel 24.1, hoto 3 a daƙiƙa, wuraren saiti 9, batir na hoto 500. Tana da Wi-Fi, wanda D3500 ba ta da shi, Bluetooth kawai gare ta da ke tura ƙaramin kwafin hoto zuwa waya. Ta biyun megafiksel 18 ce, kuma bakin da gilashi ke ɗaurewa na roba ne, ba ƙarfe ba. Su ma ba su girgiza sensa. Abin da ya fi damun masu sana'a game da su shi ne an cire ɗan ƙarfen tsakiya daga mazaunin filashi, kuma da shi ne filashi masu arha na wasu kamfanoni suke tashi, irin waɗanda kusan kowannenmu yake aiki da su. In a takarda za a gwada, ni dai D3500 na ba gaba. Amma a Damagaram ba takarda ce ke yanke hukunci ba. Wanda maigidansa yake da gilasan Canon da cajar Canon, Canon zai saya, don ya samu aron gilashi ranar da aiki ya yi yawa, ya samu aron batir ranar da nasa ya kumbura. Haka wanda ya tashi a gidan Nikon.

Gasar gaskiya tana wani wuri dabam, kuma iri biyu ce.

Ta farko tana cikin aljihun kowa. A bikin da na je makon jiya, na ƙirga wayoyi goma sha a ɗage lokacin da amarya ta fito, Tecno da Itel da Infinix, kafin in gama saita filashi hotonta ya riga ya shiga WhatsApp ya kai Yamai da Agadas. Masu ƙera wayoyin nan sun yi abin da manyan kamfanonin kyamara ba su damu da shi ba: sun zauna sun gyara yadda wayar ke fitar da baƙar fata, har mutum ya ga kansa ya ji daɗi. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan ta ƙirga kyamarori kusan miliyan 121 da aka fitar a 2010, a 2017 kuwa kusan miliyan 25. Waya ce ta cinye ragowar. Hoton "zo ka ɗauke ni da ƙawata" ya tafi, ba zai dawo ba, kuma da shi muke samun na cefane a da. Abin da ya rage mana shi ne wanda waya ba ta iyawa: hoton dare a tsakar gida, doki a guje, babban hoton da za a sa a firam a rataye a falo shekara 30. Sensar refleks irin wannan milimita 23.5 ce da 15.6, ta ninka ta yawancin wayoyi fiye da sau goma a girma, shi ya sa take shan haske a duhu inda waya ke dagulewa. Wannan shi ne abin da muke sayarwa yanzu. Amma kowace refleks ta shekarun nan tana da irin wannan sensa, ba sai sabuwa ba.

Nan ne gasa ta biyu ta shigo, wato gwanjo. D3300 ma megafiksel 24.2 ce, hoto 5 a daƙiƙa, wuraren saiti 11. Ka ɗauki hoto ɗaya da ita, ɗaya da D3500, ka wanke su ka ajiye kan tebur, babu abokin cinikin da zai nuna maka bambanci, ni ma da ƙyar. Ga girgiza sensa, ga ramin makirufo, ga kuɗinta ƙasa sosai tunda ta sha hannu. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma ina da dalilin zaton cewa gwanjon zai ƙara sauka. Mako ɗaya kafin sanar da D3500, ranar 23 ga Agusta, Nikon ya fito da Z6 da Z7, kyamarori marasa madubi masu sabon baki. Ranar 5 ga Satumba Canon ya biyo da EOS R. Duk wanda yake kallon kasuwar nan ya ga inda manyan suka karkata hankalinsu da kuɗinsu. A nawa ganin, masu hali a Turai da Amurka za su fara sauke refleks ɗinsu da gilasansu don su koma sabon yayi, kuma abin da suka sauke ta Kwatano da Legas da Kano yake biyowa har ya iso mu. Tun 2003, da Canon ya fitar da EOS 300D, refleks ta dijital ta farko da ta sauko ƙasa da dalar Amurka 1,000, haka abin yake tafiya: su saya sabuwa, bayan shekara uku ko huɗu ta zama tamu.

Gwanjo kuwa yana da nasa haɗari, ba zan ɓoye ba. An taɓa sayar mini da kyamara fes a ido, jikinta kamar ba a taɓa ba, ashe labulenta ya kusa ƙarewa, wata huɗu ta tsaya. Irin waɗannan ƙananan kyamarori ana gwada labulensu ne zuwa wajen dannawa 100,000. A kyamarorin Nikon adadin dannawar yana rubuce a ɓoye cikin bayanan kowane hoto, ana iya karanta shi da kwamfuta. Duk mai sayen ta hannu ya ɗauki hoto ɗaya a gaban mai sayarwa, ya duba wannan adadi. Ya ɗauki farin bango a f/16 ya ga ko akwai ƙarce. Ya haska gilashin da tocila ya duba ko ya yi furfura a ciki, domin wanda ya zauna a garuruwan bakin teku danshi yana sa masa wani abu kamar saƙar gizo, kuma ba ya gogewa. Batir kuma ya duba da kyau, jabu ya yi yawa, kuma zafin bazararmu ba ya barinsa ya yi wata uku.

Abin da na faɗa wa ɗan ƙanwata ke nan a daren, bayan mun rufe shago. Na ce ya riƙe kuɗin ragunansa. Za mu nemi ta hannu mai lafiya, ragowar kuɗin ya sa a gilashin 35 mai f/1.8, wato mai buɗaɗɗiyar ƙofar haske, wanda sabonsa a 2018 wajen dalar Amurka 200 ne, da filashi guda da batir na biyu. Gilashin nan shi zai ba shi hoton dare da waya ba za ta iya ba, shi zai sa bayan amarya ya narke fuskarta ta fito. Ya yi shiru, ya ce, "Kawu, amma sabuwa fa tana da garanti." Na ce garantin da sai an tsallaka ƙasa biyu kafin a same shi, a kwali yake ƙarewa. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, domin ya riga ya sa rai da buɗe sabon kwali. Na san wannan sha'awa, ni ma na yi ta, kuma ba na raina ta. Wanda yake da hali ya sayi D3500, kyamara ce mai kyau, ba zai yi da-na-sani kan hotonta ba. Ya dai tanadi famfon roba da jakar da ke rufuwa ruf, kuma kada ya canja gilashi a fili ranar iska.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne in za ku sake kawo labarin irin waɗannan kaya, ku juya kuɗin zuwa sefa da naira, ku faɗi abin da aka cire, ba abin da aka ƙara kaɗai ba, ku kuma tambayi masu aiki da su a ƙasarmu. Ranar 18 ga Disamban 2018, in Allah ya kai mu, a nan Damagaram za a yi bikin cika shekara 60 da kafa Jamhuriyar Nijar, wanda ake wa laƙabi da Zinder Sabuwa. Gari ya riga ya cika da aikin hanyoyi da gine-gine, baƙi za su zo daga ko'ina, kuma kowane yaro mai kyamara yana lissafin abin da zai samu a wannan mako. Tsakiyar hunturu ne, hazo zai kasance a ganiyarsa. In kun turo wakili, ya ɗan ratse daga filin fareti ya shigo shagunanmu na kewayen Kasuwar Dole da dare, lokacin da muke buɗe hotunan yini a kwamfuta. Zan nuna masa kyamarorin da muke aiki da su, da shekarun kowacce, da ɗigon ƙurar da ke kan sararin sama a cikin hotunan.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai ɗaukar hoto,
Unguwar Zango, Damagaram.
Satumba, 2018.